Hannu ne ke fara mutuwa a ruwan hunturu

Hunturun bara, wata Asabar da hantsi, yayata ta kira ni a waya ta ce in taimaka in dubo mata ɗanta, tun bayan asuba ya fice da abokansa. Na san inda zan same su. Akwai wani ruwa a bayan gari da samarin unguwarmu ke zuwa iyo, can na tarar da su, hazo ya rufe ɗaya gaɓar ba a ko hango ta. Na ƙwala masa kira ya fito. Yaro ɗan shekara 14, siriri, leɓensa ya yi toka-toka, haƙora na kaɗawa. Ya ɗauki wando ya zura, ya zo ɗaure tazuge, abu ya gagara. Yatsun sun buɗe sun ƙage, ya kama igiyar ta suɓuce, ya sake kamawa ta suɓuce. Ya dube ni ya ce, “Kawu, wallahi kamar hannun ba nawa ba ne.” Ni na durƙusa na ɗaure masa, ina ɗaurewa gabana na faɗuwa, domin hannun da ya kasa riƙe tazuge shi ne minti biyu da suka wuce yake dogaro da shi a ruwan da ya fi ƙarfin tsayinsa.

Duk shekara sai mun ji an ce ruwa ya ci yaro, ko a kogin Galma, ko a Kubanni a nan Zariya, ko a irin kududdufan da aka haƙa don yin bulo. A wurin zaman makoki maganar ɗaya ce: “Ai gwani ne, ya iya ruwa, riƙe shi aka yi daga ƙasa.” Ban zo musun aljanu ba, Alƙur’ani ya tabbatar da su, kuma ajali idan ya zo babu mai tare shi. Amma ina ganin muna saurin rufe magana da wannan, har mun hana kanmu sanin wani abu da Allah ya sanya a jikinmu wanda likitoci suka daɗe da ganowa. A ruwa mai sanyi gwani ma hannunsa mutuwa yake yi, kuma ba ya sanin lokacin da abin ya fara.

Zafin cikin jikin mutum digiri 37 ne, kuma jiki ba ya wasa da wannan lamba. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 a kan yadda iska take yi. Da ka shiga, jijiyoyin jinin da ke fata da yatsu sai su tsuke, jini ya koma ciki ya kewaye zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Wato jiki ya zaɓi ya tsare gida ya sallama hannuwa da ƙafafu. Shi ya sa yatsu ke yin fari su yamutse. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, naman da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun yake ba, yana tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Wurin siriri ne, ba kitse, kuma shi ne mai iyo yake ta kaɗawa cikin ruwa, don haka shi ke rigan ko’ina hucewa. Idan ya huce, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa ta jijiya yana tafiya a hankali, naman kuma ba ya amsawa da ƙarfi. Fatar hannu na sauka ƙasa da digiri 15, aikin yatsu ya fara lalacewa, maɓalli ma sai ya gagara. Mai iyo yana buƙatar ya haɗe yatsunsa kamar ludayi ya turo ruwa baya. Yatsu suka buɗe, ruwan bi yake ta tsakaninsu. Sai ka ga yana ta bugun ruwa ba ya gaba, ƙafafunsa suna nutsewa, ya koma a tsaye cikin ruwa. A wannan halin ko igiya aka jefa masa ba lallai ya iya riƙewa ba. Ba ya kuma ihu, domin duk numfashin da ya samu bai isa kira ba. Na bakin gaɓa sai su ga kamar wani abu ne ke jan sa ƙasa.

Wani farfesa a Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin ga wanda ya faɗa ruwan ƙanƙara da lambobi uku, 1-10-1: minti ɗaya na daidaita numfashi, minti goma da hannu zai yi maka aiki, sai kusan awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Wannan minti ɗayan na farko shi ma mai kisa ne. Duk wanda ya taɓa watsa ruwan randa a jiki da asuba a watan Janairu ya san yadda numfashi ke fizgewa ba da son mutum ba. Idan wannan fizgar ta same ka kanka na ƙarƙashin ruwa, ruwa ka shaƙa. Yaranmu kuwa ba sa shiga a hankali, daga kan gaɓa suke tsalle, kai ne ke fara shiga.

Na san abin da za a ce: Malam, ai wannan labarin Turai ne, ina ƙanƙara a Zariya? Gaskiya ne ruwanmu bai kai nasu ba. Lewis Pugh, wanda ya yi iyon kilomita ɗaya a ƙuryar arewacin duniya a 2007, ruwan da ya shiga ya gaza digiri sifili, kuma sai da ya yi wata huɗu kafin yatsunsa su dawo daidai. Mu ba mu da irin wannan. Amma masu bincike irin su Farfesa Mike Tipton na Ingila sun nuna cewa fizgar numfashin nan tana farawa tun ruwa na ƙasa da digiri 25, ta fi tsanani tsakanin 10 da 15. Ruwan da ya kwana a fili cikin iskar Disamba, wadda a nan takan sauka ƙasa da 15 da asuba, ba ruwan wasa ba ne. Sannan shi Lewis Pugh minti kaɗan ya yi, da jirgin ceto a gefensa da likita. Namu yaron awa biyu zai yi, cikinsa ba ko koko, jikinsa ba tsoka, ya fito kuma iskar hunturu ta kaɗa shi a jiƙe. Abin da ƙanƙara ke yi cikin minti goma, ruwanmu yana yin sa a hankali.

Fitowa ma ba ita ce ƙarshen abin ba. Ɗan yayata sai da muka hau babur muka kama hanya karkarwar ta tsananta, har ina jin ta a bayana. Zafin cikin jiki yana ci gaba da sauka na kusan rabin awa bayan an fito, shi ya sa kuskure ne yaro ya fito daga ruwa ya ja babur da kansa. A gida uwarsa ta so ta ɗora ruwan zafi ta sheƙa masa, na ce “Yaya, a’a, bari tukuna.” Hannun da ba ya ji, ko ƙonewa yake ba zai sani ba, kuma zafi na farat ɗaya yana iya sa jiri ya kwashe mutum. Aka cire jiƙaƙƙun kayan, aka goge shi, aka sa masa rigar sanyi da hula, aka lulluɓe shi da bargo, aka haɗa masa shayi mai sukari. Da jini ya fara komawa yatsun, kuka ya yi saboda zugi.

Abin da ya sa na rubuta wannan yau, na ga bidiyon masu shiga ruwan ƙanƙara yana yawo a wayoyin samari, ana cewa yana ƙara lafiya da jarumta. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya sani sanyin ruwa yana ɗaga jini ya ƙara wa zuciya aiki nan take. Mai sikila kuwa, ina roƙon iyaye don Allah, kada ya kusanci ruwan nan, tsukewar jijiyoyin da na faɗa ita ce ke tayar da ciwon. Ban ma taɓo tsargiya ba, wadda ke jiran duk mai shiga ruwan kwance, da ɗari ko da zafi.

Ban hana yaron iyo ba, ni ma a rafi na koya, kuma gara ya iya da a ce bai iya ba. Na dai ce masa ya bari sai bayan azahar, ya shiga da ƙafa a hankali har numfashinsa ya zauna, kada ya wuce inda zai iya tsayawa, kuma kada ya je shi kaɗai. Na koya masa ya riƙa taɓa babban yatsa da ƙaramin yatsa yana cikin ruwa. Duk lokacin da suka ƙi haɗuwa da sauƙi, ya fito, ko abokai za su kira shi matsoraci. Shekaranjiya ya gaya mini ya koya wa biyu daga cikinsu.