Duk sinadari ne, Mushe

Kalmar eleman ta riga ni shiga aji a Damagaram. Na tambayi yara ma'anarta, wani daga baya ya ce, "Mushe, yaron kwamanda ne." Bai yi ƙarya ba, haka ake ce wa sojoji da jandarmomi. Na koma Hausa na ce sinadari, wata ta ce magi. Duk wannan sufeto na zaune a kujerar baya da biro a hannu.

Na dake na yi bayani. Eleman shi ne abin da duk atom ɗinsa ke da adadin furoton (ƙwayoyin da ke tsakiyar atom) iri ɗaya: haidurojin 1, oksijin 8, ƙarfe 26, zinariya 79, yuraniyom ɗinmu na Arlit 92. Guda 118 ne a jadawalin da Mendeleyef ya fara tsarawa a 1869. Ruwa ba ya ciki, ko da yake mutanen da sun lissafa shi tare da ƙasa da iska da wuta. Na ce yanzu zan raba shi su gani da idonsu.

Aikin ba wuya. Kofin gilashi, fensir biyu a feƙe kai da gindi, waya biyu, pil mai bolt 9, sai rabin ƙaramin cokali na kanwa don wuta ta ratsa ruwan. Abin da ya kamata shi ne gefen ragi na pil ya ba da haidurojin, gefen ƙari oksijin, kumfar farko ta ninka ta biyun. Na ma rubuta "biyu da ɗaya" a allo, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Gefen ragi ya yi ta tafasa. Gefen ƙari kuwa kamar famfon unguwarmu a watan Afrilu. Na gyara waya. Na girgiza pil. Na sake feƙe fensir a gaban mutum sittin, ya karye. Sufeto ya taso, ya sunkuya bisa kofin, ya shaƙa, ya ɗago a hankali ya ce, "Mushe, wanki za mu yi?" Warin jabel ne. Ajin ya fashe, har mai magi tana buga tebur. Ni kuwa ina tsaye da guntun fensir, layukan nan biyu na bayana.

Gishiri ne a kofin. Gishiri sodiyom ne da kulorin, in wuta ta bi ta cikinsa kulorin ke fitowa a gefen ƙari maimakon oksijin, yawancinsa kuma ya narke a ruwan, shi ya sa ba kumfa sai wari.

Aikin Baba mai gadin makarantarmu ne. Shi na ba dala ashirin ya sayo kanwa ya dako mini. Ashe kantun gishirin Balma na ragonsa ya ɓantara, toka-toka, ido ba ya rabewa in an daka. Ragon nan da ya cinye mini rabin kwafin jarrabawa bara, aka ce in yi haƙuri dabba ce. Yana ɗaure gindin bedi yana cin na kowa, ya yi ƙiba har ba ya iya tashi da sauri, kuma ba a taɓa cewa a fitar da shi ba.

Da na tare shi ya ce, "Haba Mushe, ba duk sinadari ba ne?" Na fara masa bayanin karbonat, sinadarin da ke cikin kanwa, sai ladan ya kira azahar ya ɗauki butarsa. Dala ashirin ɗin dai har yau.