Littattafan girkin matan Mormon sun fi ƙarfin raini

Akwai masu yi wa littattafan girkin matan Mormon, mabiya wani coci mai cibiya a jihar Utah a Amurka, kallon raini, wai babu komai a cikinsu sai miyar gwangwani da cuku da sukari. A ganina masu wannan magana ba su tambayi inda gwangwanin ya samo asali ba.

An kafa ƙungiyar matan cocin, wato Relief Society, a garin Nauvoo na jihar Illinois a 1842, shekara biyar kafin mabiyan su yi hijira zuwa kwarin Salt Lake da ke Utah ta yau. A 1876 shugaban cocin na lokacin, Brigham Young, ya ɗora wa Emmeline B. Wells alhakin jagorantar mata wajen tara alkama saboda gudun yunwa, kuma sun tara har suka sayar wa gwamnatin Amurka da ita a 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Matar da aka tarbiyyantar a kan ajiye abincin da ba ya lalacewa, ga kuma 'ya'ya cike da gida, dole girkinta ya dogara da abin da ke cikin ɗakin ajiya.

Abincin da suke kira dankalin jana'iza ya isa misali. Ana goge dankalin turawa, a cuɗa shi da miyar kaza ta gwangwani da cuku da kirim mai tsami, a barbaɗa dakakken cornflakes a sama, sannan a gasa shi a babban tire, domin matan unguwa su ciyar da masu makoki bayan an dawo daga maƙabarta. Girki ne da mace goma za su yi a gida goma, ya fito iri ɗaya. Rassan ƙungiyar kan tattara irin waɗannan girke-girke su buga, kowanne ɗauke da sunan matar da ta bayar, kuma sau da yawa wannan ne kaɗai wurin da aka taɓa buga sunanta.

Inda nake ganin gazawar littattafan shi ne batun 'yan asalin ƙasar, irin su Ute da Shoshone. Su ne suka san cin saiwar furen sego, wadda baƙin suka haƙa suka ci a yunwar 1848 da 1849. An mayar da furen alamar jihar a 1911, amma da wuya a ga girkin waɗannan ƙabilu a shafukan da ke cike da abincin zuriyar Ingila da Denmark.