Tsila: daga wurinmu saniya take ɗauka

Duk wanda ya taɓa ganin wani farin abu mai faɗi yana motsi a bayan gidan ɗansa, ko ma a wandonsa, ya san tsila, ko da kunya ta hana shi faɗa. Abin da muka saba yi a Bauchi shi ne a sayo maganin tsutsa a kemis, a ɗora wa mai tsire laifi, a wuce wurin. A ganina mai tsire ne na ƙarshe a jerin masu laifin.

Ba a haihuwar maraƙi da tsila. Mutumin da take cikinsa ne ke tsugunawa a bakin fadama ko bayan gari, kowace gaɓar tsilar da ta fito tana ɗauke da dubban ƙwai, kuma ƙwan na iya yin watanni a ciyawa mai laima bai mutu ba. Saniya ta yi kiwo a wurin. Bayan wata biyu zuwa uku sai ƙananan ƙuraje kamar ƙwayar shinkafa su zauna a naman kumatunta, harshenta da zuciyarta. Wanda ya ci naman bai gama dahuwa ba, tsutsar ta girma a hanjinsa har ta kai mita biyar ko fiye. Namu ne ya dawo mana.

Shi ya sa nake cewa maganar tsila maganar masai ce. Ba kuma abin da ya gagara ba ne: ƙananan hukumomin Dass da Warji a nan Bauchi sun samu shaidar daina bahaya a fili, maƙwabciyarmu Jigawa kuwa ta samu a matsayin jiha guda a 2022. Amma a je kasuwar shanu ranar da take ci, a ƙirga mutane, a ƙirga bandaki.

Sai kwata, inda abin ya fi damuna. Aikin malamin dabbobi ne ya tsaga kumatu da zuciya ya duba kafin nama ya fita. Dabbobi nawa ake yankawa a ƙauyuka, da wurin suna da layya, ba wanda ya duba? Ko a cikin gari, mahaucin da ya ci bashi ya sayi sa, in ya san za a ƙwace naman ba ko sisin diyya, zai yanka ne a inda ido ba ya kaiwa. Ban goyi bayansa ba, amma na fahimci dalilinsa. Gwamnati ta zauna da sarakunan pawa a kafa asusun rage asara, a kuma samar da ɗakin sanyi mai sola, domin naman da cutar ba ta yi yawa a cikinsa ba, in ya daskare sosai kwana goma, ya ciwu.

A daina kuma jefa wa karnuka huhu da hantar da ke da ƙullutun ruwa. Wata irin tsilar ce daban, daga kashin kare take shiga mutum, ta yi masa jakar ruwa a hanta, wani lokaci sai an yi tiyata.

Wanda ya ga alama a jikinsa ya je asibiti ya faɗi abin da ya gani. Ba kowane maganin tsutsar ciki ke kashe tsila ba. Wanda aka fi ba da shi shi ne praziquantel, kuma ma'aikacin lafiya ne zai auna masa.