Mai Riga Biyu

Akwai wani bawan Allah da tun ranar 4 ga Agustan 2023 bakinsa bai rufu ba. Ba zan kama suna ba. Ya san kansa, kuma waɗanda muka yi zaman karatu tare a jami'ar Washington State da ke garin Pullman a Amurka sun san shi. Duk inda aka taɓo zancen rushewar Pac-12, gamayyar wasannin jami'o'in yammacin Amurka da makarantarmu ke ciki, sai ya gyara zama, ya shiga karanto mana biliyoyin daloli kamar a aljihunsa za a juye su. Wai mu masu jimami ba mu waye ba. Wai kasuwa ce, kowa ya bi inda riba take. Na daɗe ina haɗiye maganar saboda gishirin da muka ci tare, amma abin ya kai ni maƙura.

Ga wanda bai saba da lamarin ba, jami'o'in Amurka rukuni-rukuni suke buga wasanninsu. Kowace gamayya da makarantunta, kuma ita ke sayar wa gidajen talabijin haƙƙin haska wasanni, a raba kuɗin tsakanin makarantun. Ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, ita ce saniyar tatsa, sauran wasanni albarkacinta suke ci. Da can NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ita ce ke riƙe da wannan ciniki, sai a 1984 jami'o'in Oklahoma da Georgia suka yi nasara a kanta a Kotun Ƙoli, aka sakar wa makarantu mara su yi cinikinsu da kansu. Abin da aka shuka a wannan shekarar shi muke girba yau.

Shi mutumin namu, na san shi da jar riga. Ranar 20 ga Oktoban 2018, da shirin College GameDay na tashar wasanni ta ESPN ya sauka a Pullman karon farko, tun kafin asuba muka fita cikin sanyin da ke ratsa ƙashi, shi ne a gaba da tuta, muryarsa har ta dushe. Da yamma Washington State ta doke Oregon da ci 34 da 20, ya rungume ni yana cewa shi da wannan makaranta mutu ka raba. Garin ƙarami ne, gonakin alkama sun kewaye shi ta kowace kusurwa, filin wasan bai fi cin mutum dubu talatin da 'yan kai ba. A nan aka karɓe mu, a nan aka koyar da mu, a nan muka sami takardar da muke cin abinci da ita. Yau mutumin nan koriyar rigar Oregon yake sawa, yana ɗaukar hoto da ita, yana kiran inda ya fito ƙauye. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ba na mamakin inda ya koyi halin, domin manyan da yake yi wa kirari haka suka yi. A Yulin 2021 Texas da Oklahoma suka ce za su bar gamayyar Big 12 su koma gamayyar SEC. Hankalin kowa ya tashi. Wata guda bayan haka kwamishinonin gamayyoyin Big Ten da ACC da Pac-12 suka fito suka shelanta ƙawance, suka ce za su tsaya wa juna. Aka tambaye su ina takardar da aka sa wa hannu, suka nuna babu buƙata, maganar dattawa ce. Ba a rufa shekara ba, ranar 30 ga Yunin 2022, Big Ten ta miƙa hannu ta zare USC da UCLA daga cikin Pac-12, wato ta ɗauke birnin Los Angeles ɗungurungum da miliyoyin masu kallonsa. Bayan 'yan makonni ta ƙulla yarjejeniyar shekara 7 da Fox da CBS da NBC a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 7. A garinmu wanda ya ci amana sunkuyar da kai yake yi in ya shigo taro. Shi mutuminmu tafi yake yi, yana cewa wayo ne.

Kada ya ce na ɓoye laifin gida, don ya fi kowa son wannan ƙofar. Ban ɓoye ba. Shugabannin Pac-12 sun yi sakaci mai yawa. A zamanin kwamishina Larry Scott suka buɗe tashar kansu a 2012 ba tare da haɗa gwiwa da wani babban gidan talabijin ba, tashar da har ta mutu ba ta shiga jerin tashoshin kamfanin tauraron ɗan adam na DirecTV ba, ga ofis mai tsadar haya a tsakiyar San Francisco. Da George Kliavkoff ya karɓa, aka yi ta jan ƙafa wajen ciniki ana hangen farashin da babu mai biya, har Brett Yormark na Big 12 ya sha gabansu a Oktoban 2022, ya sabunta da ESPN da Fox a kan abin da ya kai kusan dala miliyan 32 ga kowace makaranta a shekara. Da Pac-12 ta farga, kasuwa ta watse. Abin da ya rage a faifai shi ne tayin Apple, na haskawa ta intanet, dala miliyan ashirin da 'yan kai ga kowace makaranta, sauran sai in masu biyan kuɗin kallo sun yawaita. Colorado ta fice a ƙarshen Yuli. Ranar Juma'ar nan ta 4 ga Agusta, Oregon da Washington suka nufi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah suka nufi Big 12. Gamayyar da tushenta ya faro tun 1915 ta watse tsakanin hantsi da magariba.

Duk wannan gaskiya ne. Amma sakacin maigida bai halatta wa maƙwabci kwashe kayan ɗaki ba, balle ɗan gida ya tsaya a ƙofa yana guɗa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yake lissafi. Ya iya faɗin biliyan, bai iya faɗin kilomita ba. Daga Los Angeles zuwa Rutgers, makarantar Big Ten da ke New Jersey, tafiyar kusan kilomita 4,000 ce, da bambancin awa uku a agogo. 'Yan ƙwallon Amurka da sauƙi, wasa ɗaya ne a mako, wajen rabinsu a gida, jirgin shata ake ɗaukar musu. To yarinyar da ke buga ƙwallon raga fa? Yaron ƙwallon kwando da ke da wasa ranar Laraba da dare a wancan bakin teku, da jarrabawa ranar Juma'a a wannan bakin? Cikin irin waɗannan yara akwai namu, 'yan Najeriya da Gana da Kamaru da suka tafi da tallafin karatu saboda gudu ko tsalle ko kwando, iyayensu na gida suna jiran digiri. Babu wanda ya tambaye su kafin a sa hannu. Shi kuwa da ya taɓa kwana a ɗakin karatu yana fama da aikin makaranta, ya kamata a ce ya fi kowa sanin abin da kwana biyu a hanya ke yi wa ɗalibi. Ya sani sarai. Ya zaɓi ya manta ne.

In aka matsa shi sai ya ce ai yanzu ana biyan yaran. E, ana biya. Tun Yulin 2021 ɗan wasa na iya cin kuɗin sunansa da hotonsa, kuma a Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya ba makarantu damar raba wa 'yan wasa har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Na yi murna da wannan, haƙƙinsu ne. Sai dai ba kyautar Big Ten ba ce, ba kuma ta Fox ba. 'Yan wasa ne suka kai ƙara suka ƙwata da ƙarfin shari'a, bayan shekaru ana ce musu su 'yan makaranta ne, kuɗi zai ɓata su. Kada wani ya zo ya yi ado da gumin da ba nasa ba.

Kuma ita aljannar da yake kwatanta mana, ya leƙa ya ga yadda aka shiga da baƙin? Oregon da Washington da yake taƙama da su ba cikakken kaso aka ba su ba, an fara musu da wajen dala miliyan 30 a shekara, alhali USC da UCLA sun shiga da cikakken rabo. Stanford da Cal, makarantun da ke kallon tekun Pasifik, sun ƙare a ACC, gamayyar da sunanta ma na gaɓar Atilantika ne, a kan ɗan guntun kaso na shekaru. SMU ta yarda ta yi shekara 9 ba ta karɓi kuɗin talabijin ba don dai a ba ta kujera a ACC. Wannan shi ake kira ci gaba? Big Ten mai sunan goma yanzu makarantu 18 ne a cikinta. Rose Bowl, wasan da tun 1947 aka san shi da haɗa zakaran yamma da zakaran Big Ten, ranar 1 ga Janairun 2025 'yan gida ɗaya ne suka kara a cikinsa, Ohio State ta lallasa Oregon da ci 41 da 21. A daren nan ban ji ɗuriyar mai koriyar riga ba.

Haka kuma ban ji ɗuriyarsa ba ranar 14 ga Satumban 2024, da Washington State, wadda aka bari a baya ita da Oregon State kamar marayu, ta je har Seattle ta doke jami'ar Washington da ci 24 da 19 a Apple Cup, wasan da makarantun biyu ke karawa duk shekara, ta tare su a bakin layi ana dab da tashi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Waɗannan makarantu biyu da ya ce sun mutu, kotu suka je a gundumar Whitman, suka karɓe ragamar gamayyar daga hannun masu tafiya, waɗanda suka so su fice kuma su ci gaba da zama a teburin yanke shawara. Suka riƙe sunan, suka jawo Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State da Gonzaga da Texas State, don a sake tayar da gidan daga 2026. Na san ba zai koma kamar da ba. Kuɗin ba zai kai ba, an rage ma'aikata, 'yan wasa da masu horarwa da dama sun bi inda ya fi maiƙo. Masu otal da gidajen abinci na Pullman, da ke jiran Asabar shida ko bakwai na kaka su fitar da cinikin shekara, su ne suka san zafin rashin zuwan USC da Oregon.

Abin da nake so ya riƙa tunawa, shi da masu ɗaga masa hannu, shi ne mudun da aka auna mu da shi yana nan ba a fasa shi ba. Ba a bar Washington State a baya don ba ta iya wasa ba, an bar ta ne don gidajen da ke kunna talabijin a yankinta ba su da yawa. Florida State da Clemson sun maka tasu gamayyar, ACC, a kotu suna neman hanyar fita daga yarjejeniyar da ta ɗaure su har 2036, sai da aka sake tsarin rabo don masu jan 'yan kallo su fi samu sannan aka sasanta. Yarjejeniyar Big Ten za ta ƙare a 2030. Ranar da Ohio State da Michigan suka zauna suka tambayi kansu dalilin raba kuɗi daidai da makarantun da ba sa cika fili, za mu ga riga ta nawa mutumin zai saya.

Jar rigarsa ta 2018 tana wurina, ya bar ta a ɗakina ranar da muka kwashe kaya za mu dawo gida. Na wanke ta, na ninke, tana cikin akwati. Wasan dare na Pullman ƙarfe uku da rabi na dare yake kamawa a agogonmu, kuma ni da sauran 'yan'uwa uku har yanzu muna tashi mu kalla, mu yi sallar asuba, sannan mu kwanta. Mun daina kiran wayarsa tun bara.