Sanatan da ya ƙi rufa wa Marcos asiri

Duk lokacin da aka ce baƙi sun zo sa ido a zaɓe, sai in ji mutane na cewa yawon buɗe ido suka zo, su sha iska a otal su koma. Sau da yawa haka ne. Amma ni akwai wanda ba na mantawa da shi, wato Sanata Richard Lugar na Amurka.

A ranar 7 ga Fabrairun 1986 aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Filifin, tsakanin Ferdinand Marcos, wanda ke kan mulki tun 1965, da Corazon Aquino, matar da aka harbe mijinta a filin jirgin saman Manila a 1983. Shugaba Reagan na Amurka ne ya tura tawaga, Lugar ya jagorance ta. Ku lura, ɗan jam'iyyar Reagan ne, kuma Marcos ɗan lelen Amurka ne, don a lokacin tana da manyan sansanonin soja a Clark da Subic, a ƙasar Filifin. Duk wani dalili na kama baki yana da shi.

Bai kama ba. Ya ce ɓangaren gwamnati na murɗe ƙuri'u. Da Reagan ya fito yana cewa wataƙila kowane ɓangare ya tafka maguɗi, Lugar bai bi bayansa ba. Cikin 'yan kwanaki Fadar White House ta sauya harshe, ta ɗora laifin a kan jam'iyya mai mulki.

Sai dai kada mu ba baƙo ladan da ba nasa ba. 'Yan sa-kai na NAMFREL, ƙungiyar 'yan ƙasa mai sa ido a zaɓe, su ne suka tsare akwatuna da jikinsu. Ma'aikatan kwamfuta na hukumar zaɓe kimanin 30 ne suka tashi suka fice daga zauren ƙidaya, saboda alƙaluman da ake liƙawa sun saɓa da waɗanda ke hannunsu. Su suka sa rayukansu a haɗari, shi kuwa jirginsa na jiransa.

Abin da ya yi, wanda su ba za su iya ba, shi ne komawa Washington ya faɗa wa masu tallafa wa Marcos gaskiya a idonsu. Ɗan majalisa yana da wannan damar fiye da jakada, tunda ba shugaban ƙasa ne ya naɗa shi ba, ba kuma zai iya korarsa ba. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga wanda ke da irin wannan 'yanci ya ɓuge da rahoton da ba ya kashewa ba ya rayawa.

Ranar 25 ga Fabrairu, bayan jama'a masu zanga-zanga sun cika EDSA, wani babban titi a Manila, Marcos ya bar fada, ya ƙare a Hawaii.