Kafin a ci tara, a nuna inda za a tsaya

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, Cadawa, Agye da Tasawa a jihar Maraɗi ta Nijar ranar kasuwa ya san yadda kwalta ke komawa tasha. Motocin kaya a gefe guda, amalanken shanu da na jakuna a ɗaya gefen, 'yan kabu-kabu kuma sun cike abin da ya rage. Haka abin yake a hanyar Ɗan Isa zuwa iyakar Najeriya.

Lissafin ba wuya. Faɗin irin wannan kwalta bai wuce mita 7 ba, babbar mota kuwa tana cin mita 2 da rabi. In biyu suka tsaya daura da juna ba su sauka daga kwalta ba, saura mita 2, ko motar asibiti ba za ta wuce ba. Da dare abin ya fi muni: tirela ta lalace, yaron mota ya karyo reshen itace ya jera a baya maimakon alamar nan mai kusurwa uku da ke ƙyalli, wadda ake ajiyewa tazarar mita 30. Mai babur ba ya ganin ganye cikin duhu.

Saboda haka tara ta halatta. Amma a yawancin ƙananan garuruwa ba allo, ba fili. Direba ya tsaya inda ya saba tsayawa, sai a ce ya yi laifi, a shiga ciniki a bakin taga, a rabu ba takarda. Asusun ƙaramar hukuma bai ga dala ba, mako mai zuwa kuma motar tana wurin.

Aikin daga fili yake farawa. A ware wuri bayan kasuwa, a zuba jan ƙasa a daddale, domin in rairayi ne mota mai lodi za ta kafe, direba kuma ba zai sake shiga ba. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, ɓangaren dabbobi nesa da injuna. Sai mai gadi, tunda tsoron ɓarayi ne ke sa direba ajiye mota inda idonsa ke kai. A kan kwalta kuma, bakin makaranta, asibiti, kwana da mararraba su zama haramtattu, da allo mai hoto don wanda bai yi boko ba.

Sanarwa ta bi ta hannun mai gari, limamai, shugabannin direbobi da gidajen rediyon karkara, a ba da kasuwa biyu ko uku na gargaɗi kawai. Daga nan tara ta fara, kuɗin a rubuce a jikin allo, na amalanke daban da na tirela, kowace da takarda mai lamba da hatimi. Tun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi babu kansilan da zai tambayi inda kuɗin suka shiga, don haka waɗanda aka naɗa a madadin majalisun su riƙa liƙa jimillar kowane wata a ƙofar ofis.