Tina Maganin Komai

MAIGIDA: Hajiya, miƙo mini galan ɗin tina, ruwan nan na narkar da fenti. Mai fentin nan ya yi mana yayyafi ko'ina, tayil, taga, har teburi bai tsira ba.

UWARGIDA: Maigida, ka bari ya dawo daga wanke burushi mana. Ba ka ma san wane irin fenti ba ne.

MAIGIDA: Fenti ai fenti ne. Ni da na taɓa riƙe wa mai fenti tsani?

(Ya jiƙa tsumma, ya hau teburi da dirza.)

UWARGIDA: Innalillahi! Fentin ya fita, ƙyallin teburin ma ya bi shi!

MAIGIDA: Haske ne ya yi wa wurin yawa.

MAI FENTI: Salamu alaikum. Kai! Yallaɓai, wa ya sa wa katakon nan tina? Ai ita ba ta tambaya, fenti da man ƙyallin katako duk haɗawa take ta cinye. Kuma na nan fentin ruwa ne, irin na bango. Yana ɗanye, ruwan ɗumi da sabulu sun isa. In ya bushe, a jiƙa shi ya yi laushi, a ɗaga da tsohon katin roba.

UWARGIDA: To yaya ake bambancewa?

MAI FENTI: Hajiya, ki ɗiga sifirit a auduga ki shafa. In launin ya kama audugar, na ruwa ne. In ya yi kunnen uwar shegu, na mai ne, shi ke son tina ko kananzir. Ko shi ma a fara gwadawa a lungun da ido ba ya kaiwa.

MAIGIDA: Abin da nake shirin faɗa ke nan. Bari in yi wa tagar sanfefa.

MAI FENTI: Ajiye, don Allah! Karce gilashin za ka yi. A jiƙa shi da ruwan sabulu, a kwantar da sabuwar reza, a tura a hankali. Ɓawon fentin da kansa zai tashi.

MAIGIDA: Ɗigon jikin talabijin kuwa na san maganinsa. Hajiya, ina ruwan goge fentin farcenki?

MAI FENTI: A'a! Sinadarin asiton ne a cikinsa, narkar da robar talabijin zai yi. A buɗe tagogi kuma, kada kowa ya ƙyasta ashana, tururin tina wuta yake kamawa.

MAIGIDA (ya jingina da ƙofa): Duk na sani. Gwada ka nake yi.

MAI FENTI: Yallaɓai... ƙofar ba ta bushe ba.

UWARGIDA: Na ruwa ne ko na mai?

MAI FENTI: Na mai ne, Hajiya.

UWARGIDA: Madalla. Miƙo galan ɗin. Maigida, juyo da bayanka.

MAIGIDA: Da ni a cikin rigar?